Sitad, bakin gulbi ko tudun Harobanda: ina ya kamata mutum ya yi gudunsa a Yamai?

Wanda ya san Yamai daga cikin taksi kawai zai iya rantsewa garin shimfiɗe yake. Ƙafa ce ke ƙaryata shi. A cikin kwarin kogin Isa garin yake zaune: gulbi a ƙasa, tudun Plateau da na Terminus a bisa gaɓa, kwarin Gunti Yena ya tsaga tsakiyar gari ya gangara har ruwa, can ƙetare kuma, bayan Harobanda, ga tuddan marmara masu shafaffen kai. Mutumin Adar da ya saba da hanyar Keita da Buza zai ce waɗannan ai ba duwatsu ba ne, kuma da gaskiyarsa. Amma ga mai gudu, gajeren hawa a cikin zafin Yamai ya isa ya fito masa da harshe waje.

Masu tambayar inda za su yi gudu a garin nan iri-iri ne. Akwai magidancin da likita ya auna ya ce hawan jini ya fara leƙowa. Akwai saurayin da ke shirin jarrabawar shiga soja ko jandarma, da Hajiyar da ke son rage jiki ba tare da unguwa ta zuba mata ido ba, da kuma wanda gudun ya riga ya shiga jininsa, yana neman inda zai fi shan wuya. Wurare huɗu ake ambata musu kullum: sitad, bakin gulbi da gadojinsa, dajin bedin da ya kewaye gari, sai tuddan ƙetare. Yawancin mutane da ido suke zaɓa, inda ya fi kyan gani nan suke nufa. Ni kuwa a ganina abu biyu ne ya kamata su raba gardama: abin da ƙafarka za ta riƙa takawa, da watan da ake ciki. Wurin da ya fi ko'ina daɗi a Disamba yana iya zama wanda ba ya shiguwa a Satumba.

Sai a fara da agogo, tunda shi ya shafi wuraren duka. Yamai tana can yammacin ƙasa, amma agogonta ɗaya da na Damagaram da Diffa, shi ya sa gari ba ya wayewa da wuri. Wanda ya taso daga Damagaram zai tarar rana tana makara masa da kusan rabin awa. A Janairu sai ƙarfe bakwai ta gota rana ke fitowa, a Yuni kuwa wajen shida da rabi ta riga ta leƙo. Ma'aikacin da ke son ya yi gudu bayan sallar asuba, ya yi wanka, ya kai yara lakwal, ya isa wurin aiki a kan lokaci, to a lokacin ɗari rabin gudunsa cikin duhu zai yi shi. Wannan kaɗai ya fitar da daji da tudu daga lissafinsa na ranakun aiki. A Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 kusan kullum, dare ma ba ya hucewa sosai, ɗan tsakanin asuba da hantsi ne kawai ke hannun mai gudu. Gudun yamma a waɗannan watanni, gudron yana tururi a ƙarƙashin takalmi, ban ba kowa shawararsa ba.

Filin wasa na Janar Seyni Kountché, wanda kowa ke ce wa sitad, shi ne mafi sauƙin bayani. Ƴan Sin suka gina shi, aka buɗe shi a 1989, yana ɗaukar mutum wajen 35,000, kuma shi ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disambar 2005. Mai gudun safe bai damu da kujerun ba. Abin da ya kawo shi shi ne harabar da ta kewaye ginin, shimfiɗaɗɗiya, babu hayaniyar titi, babu kabu-kabu mai fito maka ta baya ba sallama. Da sassafe da bayan la'asar wurin cike yake: dattawa biyu-biyu suna tattaki suna warware siyasar duniya, ƴan ƙwallo suna ɗumama jiki, yara masu burin zama Alfaga, gwanin taekwondo, suna ɗaga ƙafa sama da kai, mata cikin dogon hijabi da takalmin gudu suna tafiya da sauri a jere.

Akwai wani dattijo mai farin gemu da ke zuwa da tsakuwa a aljihun dama na wandonsa. Duk zagaye ɗaya sai ya ɗauki ƙwara guda ya mayar aljihun hagu. Wani saurayi ya wuce shi da gudu yana cewa, “Baba, sannu da ƙoƙari, zagaye nawa yau?” Bai ko rage tafiya ba ya ce, “Ɗana, je ka abinka, saura uku a dama.” Babban amfanin sitad ke nan, awo. Nisan zagayen jiya shi ne na yau, don haka in ka samu ci gaba za ka gani, in ka ja baya ma ba mai ɓoye maka. Ranar da aka bari a shiga ainihin filin tsere, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, zagaye 12 da rabi kilomita 5 ke nan. Saurayin da za a riƙe wa agogo ranar jarrabawa ba shi da wurin da ya fi wannan. Magidanci mai hawan jini ma nan ya dace da shi, saboda wani dalili dabam: in jiri ya ɗebe shi akwai jama'a, akwai titi a bakin ƙofa, babban asibitin ƙasa kuma ba shi da nisa.

Aibin sitad ma a fili yake. Ƙasan da ake takawa a harabar tauri gare shi, kuma mai nauyin jiki da ya fara da gudu kai tsaye zai ji ƙwaurinsa yana zogi kafin sati biyu. Kullum gefe ɗaya ake juyawa, gwiwa ɗaya ce ke ɗaukar nauyin kwana, sai dai mutum ya riƙa sauya hannu. Ranar wasa ko babban taro kana iya zuwa ka tarar an rufe ƙofa. Ba hawa, ba gangara. Ga gundura, wadda ita ce ke korar mafi yawan mutane bayan wata guda. Sannan akwai wata cuta ta wurin da ba a faye faɗa ba: ɗan shekara hamsin ya ga yaro ya wuce shi, zuciya ta ce bi shi. Daga nan ake samun tsinkewar agara.

Bakin gulbi shi ne wurin da ya fi jan rai, kuma shi ya fi buƙatar a san shi kafin a yaba shi, don ba wuri ɗaya ba ne. Gadar Kennedy ta raba shi biyu. Ta sama, wajen Yantala har zuwa Gudel, hanya tana bin ƙasan tudun Plateau, garake a gefe, salati da kabeji da albasa, masu sayar da dashen itatuwa sun jera buhunan leda a bakin hanya. Da sanyin safiyar Disamba, lokacin da masu garka ke ɗibar ruwa da bokitin ban-ruwa biyu-biyu, iskar wurin ta fi ta cikin gari sanyi har jiki yana ji, kuma warin jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsakiyar rani abu ne da ba ka samu a sitad. Sai dai hanyar ƙunci gare ta, wurare da yawa babu gefen masu tafiya da ƙafa, dole ka bi hannun da kake fuskantar motoci, ka kuma cire abin sauraren kiɗa daga kunne. Da magariba sauro ne ke da wurin.

Abin da ya sa na fi son wannan ɓangaren shi ne hanyoyin da ke hawa daga bakin ruwa zuwa tudu. Gajeru ne amma a tsaye suke. Ka hau da sassarfa, ka sauko da tafiya, ka maimaita sau biyar ko shida, ka yi aikin da zagaye ashirin a fili ba zai yi maka ba, zuciya da sharaɓa duk sun ji a jikinsu. Wanda ke marmarin gudun tsauni amma ba shi da halin fita gari, nan ne makarantarsa. A kula dai da inda ake ɓullowa: saman Plateau akwai fadar shugaban ƙasa da wurare masu tsaro, inda aka gitta shinge kada a yi gardama, kada kuma a ɗaga waya ana ɗaukar hoto.

Ta ƙasan gadar kuwa, wajen Gamkalle, rayuwar gulbi ce tsirara. Masu wanki suna maka tufafi a kan duwatsu, sun shanya na jiya a ƙasa launi-launi, jiragen ruwa suna sauke kabewa tuli-tuli a lokacinta. Kyan gani kam akwai shi. Amma in ka ƙara gaba za ka iske majema, kuma mai haki da baki buɗe ya fi kowa sanin cewa ya iso. Wasu ba sa damuwa, wasu nan suke juyawa.

Gadoji uku ne yanzu, kuma kowace da halinta. Ta Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, tsawonta ya ɗan haura mita 700, ita kaɗai ta ɗauki garin shekara arba'in kafin a buɗe ta biyu, ta abotar Sin da Nijar, a 2011. Har yau ita ce hanyar ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da ƴan kasuwa da masu keke, wani lokaci har raƙumi ɗauke da kaya. Gefenta na masu ƙafa siriri ne, da safiyar ranar aiki kuma hayaƙi kawai za ka sha, kana kauce wa mutane. Safiyar Lahadi kuwa wata gada ce dabam. Zagayen da masu dogon gudu suka fi so shi ne a haye ta Kennedy, a bi ta Harobanda, a dawo ta gada ta biyu, a biyo bakin gulbi ta Gamkalle. Ta uku, mai sunan Seyni Kountché ita ma, an buɗe ta a 2021 can sama wajen Gudel. Ta fi sauran tsawo, wajen kilomita guda, ta fi su sarari, motoci kuma ba su kai na Kennedy yawa ba. Wanda ke zaune Yantala, Gudel ko Koira Kano, in yana son iska da fili ba tare da cunkoso ba, ita ce tasa. Inuwa dai babu ko ta tsinke, da rana ta ɗaga sai a sauka.

Gulbin ne da kansa ke tsara wa mai gudu shekararsa, don sau biyu yake cika. Cikar farko a Agusta da Satumba take zuwa, jan ruwa mai laka da ƙoramun ƙetare irin su Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararowa da shi daga wajen Burkina Faso. Ita ce mai ɓarna. A Satumbar 2020 ruwan ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, ganuwar tare ruwa ta Lamorde ta fashe, unguwannin Harobanda suka kwana cikin ruwa. A waɗannan watanni hanyoyin ƙasa na bakin gulbi taɓo ne da kududdufi, a bar su kawai. Cika ta biyu ruwan Gini ne, wanda ke shafe watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana a Disamba da Janairu, a natse, ba ya zuwa da fushi. Lokacin ne bakin gulbi ya fi daɗi: ruwa cike, iska da sanyi, ƙasa busasshiya. Saman ganuwar tare ruwan nan, inda take da kyau, yana daga cikin wurare mafi daɗin takawa a garin duka, ƙasa ce dandaƙaƙƙiya, ba tauri irin na siminti, ba zurmawa irin ta yashi, ga shinkafa kore shar a gefe. Daga Afrilu zuwa Yuni ruwa ya janye, tsibiran yashi su fito, shanu su riƙa ƙetarewa da ƙafa. Tsofaffi suna tuna 1985, shekarar da gulbin ya tsaya cak a Yamai.

Abu biyu game da ruwan kansa. Kome zafin da ka ji kada ka shiga ka wanke jiki, musamman inda ruwa ke kwance kusa da gonakin shinkafa, don nan tsargiya take. Dorina kuma tana nan a gulbin, ba labari ba ne, in masunta suka ce kada a bi ta wani wuri da duku-duku, a ji maganarsu.

Dajin bedi ba zan daɗe a kansa ba, don abin takaici ne. Tun 1965 aka fara dasa shi, da niyyar ya zama ɗamara mai tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita guda, ya tare wa gari iska da ƙura. A kan takarda babu wurin gudun da ya kai shi: inuwa, yashi mai laushi, ba mota. A ƙasa kuwa gari ya tsallake shi tuntuni, unguwanni irin su Niamey 2000 suna bayansa, an ci gefe-gefensa da gine-gine, wurare da yawa sun zama juji, baƙar leda a kowane reshe, fasassun kwalabe a cikin yashi, wani wurin ma bayan gida ne na sarari. Akwai sassan da har yanzu suke da kyau, kuma wanda gidansa ke kusa da irinsu, a watan Afrilu ya fi kowa morewa, tunda shi kaɗai ke gudu a inuwa. Amma sai gari ya waye sarai ake shiga, cikin jama'a, ba da duhu ba, ba kuma mace ita kaɗai ba.

Sai tuddan ƙetare. In ka haye gada ka wuce jami'a ka nufi yamma, gidaje suna raguwa, ƙasa tana yin ja, sai ga tuddan da ake kira Trois Sœurs da ƴan uwansu. Wannan ne kaɗai gudun daji na gaskiya da Yamai take da shi, kuma ya bambanta da sauran ukun ta kowace fuska. A gindin tudu yashi ne na ƙorama, ƙafa tana nutsewa, kana gudu kamar mai tuƙa tuwon gidan biki, ƙarfi yana tafiya wuri bai matsa ba. Daga nan sai gangaren tsakuwa, jajayen duwatsu ƙanana masu mirginawa a ƙarƙashin takalmi. Kusa da sama marmara ce ta yi baki, wani wurin sai ka sa hannu. A can bisa kuma fako ne shimfiɗaɗɗe, geza da sabara jefi-jefi, iska tana kaɗawa ba abin da ya tare ta, gulbi da gonakin shinkafa da garin duka suna ƙarƙashinka.

Hawan ba shi ne matsala ba, kowa yana iya rage gudu ya taka a hankali. Saukowa ce ke kai mutane wurin mai ɗori. Wanda ya saba da fili yana miƙe ƙafa ya dira da dunduniya, tsakuwa ta gudu da shi, sai targaɗe. A gajarta taku, a ɗan karkata jiki, ido yana kan taku uku na gaba, ba kan garin da ke ƙasa ba. In kana son kallo ka tsaya ka kalla. Daga ƙarshen damana zuwa farkon ɗari ƙarangiya ta nuna, za ka sauko safa da igiyar takalmi sun yi dam da ita, cirewa kuma sai da haƙuri, don wadda ta bar safa yatsa take kamawa. Ƙayar aduwa tana huda ƙasan takalmi mai laushi har ta taɓa tafin ƙafa. Kububuwa da kunama suna ƙarƙashin duwatsu, shi ya sa ba a ɗaga dutse, ba a kuma zama a kansa sai an duba. In hadari ya haɗu a damana a fita daga cikin ƙorama, ko da a kanka ba a fara ruwa ba, don ruwan da aka yi a tudu yana saukowa ba sanarwa.

Ruwan sha kuma a bayanka za ka ɗauko shi. A sitad da bakin gulbi kana iya miƙa dala biyar ko goma a ba ka leda mai sanyi, a tudu babu mai talla. Mai gudu a zafi yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa, don haka lita ɗaya da rabi ba ta yi yawa ba ga fitar safe, kuma in za a daɗe a haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita.

Maganar da ta fi duk waɗannan nauyi ita ce tsaro. Yamai a tsakiyar jihar Tillaberi take, sassan jihar suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma hanyar Torodi da ke bi ta wannan gefen ba hanyar yawon shan iska ba ce yanzu. Tuddan da ke manne da gari dabam, can ciki dabam, amma iyakar tana matsawa, abin da ya yiwu bara ba lalle ya yiwu bana ba. Kafin a je a tambayi mutanen Harobanda da suka san halin da ake ciki a satin nan. A tafi a ƙungiya, da katin shaida a aljihu, a gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa, kada a kusanci inda sojoji suke. In aka ce a bari, a bari, tudun yana nan ba inda za shi. Ga kuma kuɗin zuwa: wanda ba shi da babur ko mota, zuwa da dawowa kaɗai ya cinye masa safiya.

To in an ɗora su a sikeli fa? Ga wanda zai fara, ko mai nauyi, ko wanda likita ya aiko, sitad ne, kuma da tafiya mai sauri zai fara kafin sassarfa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 a sati take nema na motsa jiki matsakaici, wato rabin awa sau biyar ya kai shi bakin ƙofa, kuma wurin da ya fi sauƙin komawa gobe shi ya fi amfani. Ga wanda ya yi wata uku yana zagaye har gundura ta fara cinsa, ya bar sitad na ranakun aiki, ya ba bakin gulbi safiyar Lahadi, daga Nuwamba zuwa Maris. Saurayin jarrabawa ya haɗa biyu: awo a sitad, hawa a gangaren Yantala sau ɗaya a sati. Tudu kuwa ban ɗauke shi wurin gudun yau da kullum ba ga kowa. Na lokacin ɗari ne, sau ɗaya ko biyu a wata, ga wanda idon sawunsa ya riga ya yi ƙwari, a ranar da hanya ta yi kyau. Wanda ya ce maka kullum can yake gudu, ko dai gidansa yana gindin tudun ne ko kuwa yana ƙara gishiri.

Ga mata lissafin ya fi taƙaita, kuma ba laifinsu ba ne. A sitad mace mai tafiya da sauri ba abin kallo ba ce, akwai irinta da yawa, wasu ma ƙungiya gare su. A bakin gulbi da gada sai an zama uku ko huɗu kafin bakin ƴan zaman banza ya mutu. Na ji wata tana ce wa ƙawarta a ƙofar sitad, “Yaya, ni fa in ba ki zo gobe ba, ba ni fitowa,” ita kuwa ta ce, “To ki kira ni kafin kiran salla, kada Alhaji ya ce na makara da abin kari.” Yawancin matan da suka ɗore da haka suka ɗore.

Takalmi ɗaya ba ya yi wa wuraren duka. Na sitad da gada mai taushin ƙasa ake so, don ya shanye dukan siminti. Na tudu mai kauri da haƙora a ƙasa, wanda ƙaya ba ta hudawa. A gwanjon Babbar Kasuwa ko Wadata ana samun duka biyun in an yi haƙurin tonawa. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sararin babban yatsa a gaba, a lanƙwasa shi a ga ko ƙasan ya fara rabuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: sabon takalmi a fara sa shi a fili kafin a kai shi dutse, in ba haka ba bororo ne zai dawo da kai.

Hazo yana da nasa hukunci a kan wuraren huɗu baki ɗaya. Ranar da ka tsaya a kan gada ba ka ganin ƙetare, ba ranar gudu ba ce ko'ina, balle ga mai fuka. Azumi kuma, da yake yana ja baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, yanzu ya baro tsakiyar bazara yana shiga ɗari, abin ya yi sauƙi. Duk da haka tudu da dogon zagayen gada a ajiye su sai bayan salla. Tattakin rabin awa dab da shan ruwa, ko sassarfa bayan asham a wuri mai fitila, ya wadatar, mai ciwon suga kuma ya fara jin ta bakin likitansa.

Saura mutanen Talladje da wajen filin jirgi da Niamey 2000, waɗanda sitad ya yi wa nisa, gulbi ya fi nisa, kuɗin taksi kullum kuma ba ya yiwuwa. Su zaɓinsu na gaskiya layin unguwa ne bayan asuba. Yashin layi yana gajiyar da sharaɓa amma yana tausaya wa gwiwa, motoci ba su fito ba tukuna, ƴan fada kuma a lokacin suke barci, ba mai ce maka “wa ya koro ka?” Abin lura shi ne ruwan wanka da ke kwarara daga gidaje, da ramukan da ba a gani a duhu, da karnuka. Ka zaɓi layi biyu ko uku masu faɗi, ka bi su da rana da ƙafa ka san inda rami yake da gidan da ke da kare, ka auna nisan da waya sau ɗaya. In kare ya taso kada ka ƙara gudu, ka tsaya ka fuskance shi, ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse, yawancinsu nan suke komawa.